Ni kaɗai ne a kamfanin, shaguna 41 suna kaina: na ci gaba ko na karɓi aiki?

ɗan_Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsayi saboda abun ya daɗe yana cina a rai.

Shekara uku da 'yan watanni kenan da na rubuta wata manhaja ta lissafin shago, ta wayar Android ce. Asali ma saboda kawuna na yi ta, yana da shago a Kantin Kwari yana sai da shadda da atamfa, kullum in an tashi daga kasuwa sai an zauna da littafi ana neman inda turmi biyu suka shiga, yara na rantsuwa shi kuma ransa a ɓace. Manhajar tana rubuta kayan da suka shigo, da wanda aka sayar, da wa ake bi bashi, nawa ne, tun yaushe, sannan ta fitar da rasit ta ƙaramar firintar nan ta bulutut. Maƙocinsa ya gani ya ce a saka mai, shi ma ya gaya wa wani, lokacin da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuwa kowa ya koma tiransifa sai abun ya buɗe min, don mutane sun kasa gane wane alat ne na wane ciniki. Yanzu haka shaguna 41 ne ke amfani da ita, yawanci a Kwari, wasu a Singa, biyu a Ƙofar Wambai, sai wani kemis guda ɗaya a Hotoro.

To ga inda matsalar take. Ni sau ɗaya nake karɓar kuɗi. Da 35,000 na fara, daga baya na mai da shi 50,000, in ka biya shi kenan manhaja ta zama taka. Amma ni ban daina biya ba. Akwai saba da nake haya a waje inda bayanan kowa ke zaune, da wasu 'yan ƙananan abubuwa, duka suna kai dala 24 a wata. Lokacin da na yanke farashin dala tana wajen 750 a Wapa, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500, ga fetur ɗin inji tun da aka cire tallafi, ga data da aka ƙara mata kuɗi a 2025. Wanda ya biya ni 35,000 shekara uku da suka wuce har yau a aljihuna bayanansa ke kwana.

Na biyu kiran waya. Wallahi ba na iya zama awa biyu a jere ina rubuta kod. Satin da ya wuce wani alhaji ya kira ni daga Singa wai firinta ta lalace ga kwastoma a tsaye, na bar abin da nake na tari adaidaita tun daga Gwale, ga cunkoson nan na wajen Bata, na isa na buɗe murfin sai na tarar yaron shagon ya juya takardar ne ya saka ta baibai, ita kuwa takardar nan fuska ɗaya kawai take kama rubutu. Minti ɗaya gyaran bai kai ba amma yinin ya tafi, kuma ko kuɗin mota ban iya tambaya ba saboda kunya.

Na uku, kowa da abin da yake so. 'Yan Kwari turmi da yadi da dila, 'yan Singa kwali da dozin da ɗai-ɗai, mai kemis yana son ranar da magani zai lalace. Don na faranta wa kowa sai na raba kod ɗin gida uku, yanzu in na gyara kuskure a ɗaya sai na manta da sauran biyun.

Abin da ya sa na zo nan dai shi ne watan jiya taifot ya kwantar da ni kwana biyar. A rana ta biyu sabar ta cika, ta daina karɓar bayanai daga wayoyi, masu gida da ke duba ciniki daga gida suka daina ganin komai. Matata ce ta dinga ɗaga waya tana ba mutane haƙuri a kan abin da ba ta san kansa ba. Da na ɗan farfaɗo na ga kira sama da sittin. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, don na gane in na faɗi yau littafin bashin mutum 41 ne ya faɗi da ni.

Yanzu wani kamfani a Abuja ya min tayin aiki, daga gida zan dinga yi, albashin ya fi abin da nake samu nesa ba kusa ba. Amma zuciyata na kan wannan abun da na gina. Masu irin sana'ar nan, ya kuke yi? Kuma da wane baki zan koma gurin dattijon da na ce wa sau ɗaya zai biya na ce ya ƙara biya?

Baban_Khalifa ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya ƙara lafiya. Na karanta har ƙarshe, kuma duk abin da ka lissafa na shiga cikinsa, ni ma ni kaɗai nake yi, na 'yan hatsi nake yi a Dawanau.

Bari na fara da maganar kuɗin don ita ce uwar sauran. Ka sai da manhaja kamar yadda kawunka ke sai da turmin atamfa, a biya a ɗauka a tafi. To atamfa in ta bar shago ba ta ƙara cin ko sisin mai shago, taka kuwa kullum tana ci. Abin da kake yi ya fi kama da haya ko gadi, kuma ɗan kasuwar Kano babu abin da ya sani kamar kuɗin shago na shekara. Kar ka ce musu duk wata, za su gaji da kai kai ma ka gaji da bin su. Ka ce kuɗin shekara. Sannan ka lura da lokaci, 'yan Kwari daga Sha'aban har zuwa jajibirin ƙaramar Sallah ba su da lokacin kowa, bayan Sallah da sati biyu kuwa kuɗi na hannu kuma hankali ya dawo, nan ne lokacin karɓa.

Tambayarka ta da wane baki, ga yadda na yi nawa. Ban ƙwace wa kowa abin da ya saya ba. Na ce manhajar da ke cikin wayarka taka ce har abada, za ta ci gaba da lissafi da fitar da rasit ko ba ka ƙara ba ni kwabo ba. Amma ajiye maka kwafin bayananka a saba, da ganin shagonka daga gida ko daga Saudiyya in ka je Umara, da kirana in abu ya samu, waɗannan hidima ce mai cin kuɗi duk wata, ita ake biya. Ka ga ba ka karya alƙawari ba, kuma ba ka zalunci kanka ba. Wasu za su tafi, ka bar su su tafi da mutunci, ka fitar musu da bayanansu a takarda ko a Excel ka miƙa musu.

Kod gida uku kuwa dole ya koma ɗaya, ba makawa. Turmi da yadi, kwali da dozin, buhu da kwano, duk abu guda ne: babban ma'auni da ƙaramin ma'auni da adadin da ke tsakaninsu. Ka ajiye kaya a ƙaramin ma'aunin a ciki, ka bar mai shago ya rubuta da kansa cewa turminsa yadi 6 ne ko kwalinsa guda 24 ne. Mai kemis ɗin nan kuma gaskiya ka sallame shi cikin girmamawa ka haɗa shi da masu yin na magani. Mutum ɗaya ne amma shi ke riƙe da kashi ɗaya cikin uku na wahalarka, kuma harkar magani in aka yi kuskure ba asarar kuɗi ce kaɗai ba.

Sai sabar da ta cika. Kusan na tabbata fayilolin rahoton nan ne da saba ke rubutawa kullum suka taru, ko tsofaffin kwafi da ba ka gogewa. Ka saita logrotate, wato ɗan shirin da ke kula da fayilolin rahoto a saba, ya dinga share tsofaffi, ka sa wani abu da zai turo maka saƙo in gurin ajiya ya kai kashi 80 cikin 100, akwai masu yin irin wannan gadin kyauta. Kuma dala 24 ta yi yawa ga shaguna 41 da rubutu kawai suke turawa ba hotuna ba, ƙaramar saba ta dala 6 ko 12 za ta ɗauke su ba tare da ta yi nishi ba.

Amma abin da na fi so ka ji shi ne wannan. A garin nan dole wayar ta zama ita ce gida, saba ta zama ɗakin ajiya. Ka tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, bankuna ma sai da suka rikice, sannan ƙarshen Oktoban 2024 da arewa ta yi sama da mako babu wuta, mutane na yawo da caja a hannu. Duk manhajar da sai da sabis take sai da kaya ta mutu a kwanakin nan. Ka rubuta komai a SQLite, wato ƙaramin rumbun bayanai, a cikin wayar tukunna, in sabis ya samu ta tura. Kowane ciniki wayar ce za ta ba shi lambarsa wadda ba za ta yi karo da ta wata wayar ba, kuma kar ka yarda a gyara ciniki ko a goge shi, in an yi kuskure a rubuta sabon layi da ke warware na farko, yadda akawu ke yi. Da haka waya biyu a shago ɗaya ba za su taɓa yin faɗa a kan layi guda ba. Kuma kar ka amince da agogon waya, na sha ganin wayar da batir ya mutu ta tashi tana nuna wata shekarar daban, cinikin yau ya je ya kwanta a can baya, ka sa saba ta buga nata lokacin a kan duk abin da ya iso.

Na ƙarshe, kana da kwafin ajiya na bayanan ko? Yau ɗin nan ka ɗauko shi ka gwada dawo da shi a wata kwamfutar ka ga ko zai tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai_shago_Kwari ya rubuta:

Salam. Ni ba injiniya ba ne, ɗan kasuwa ne, ƙanina ne ya nuna min wannan rubutun ya ce na karanta tunda ni ma ina amfani da irin manhajar, ba taka ba dai ta wani ce. Na ga ya kamata ku ji daga bakin wanda ke zaune a cikin shagon.

Malam injiniya mu fa ba kuɗin ne ba ma so mu biya ba. Muna biyan mai gadi, muna biyan mai shara, muna biyan wutar layi, na'urar POS ma duk ciniki sai ta yanki nata kuma ba mu ce komai ba. Tsoron da muke ji daban ne. Akwai wani yaro da ya taɓa yi mana irin wannan, yaron kirki wallahi, muka saki littafi muka kama waya, shekara biyu sai ya samu karatu a waje ya tafi, wata rana da safe manhaja ta ƙi buɗewa, lambarsa ba ta shiga. Bashin da nake bin mutanen Maraɗi da Zinder da Mubi yana ciki. Sai da na zauna ina kiran kwastoma ɗaya bayan ɗaya ina cewa Alhaji nawa ne ma ya rage tsakaninmu, ka san kuwa mai bin bashi in ya fara tambayar wanda yake bi nawa ne to ya riga ya yi asara. Masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya, wasu har yau shiru. Tun daga nan duk Alhamis sai na sa an buga min jerin bashi a takarda na kai gida na ajiye. In za ka zo min da maganar kuɗin shekara to ka fara gaya min wa zan kira in ba ka nan, kuma ka nuna min madannin da zan danna da kaina bashina ya fito a takarda.

Na biyu sirri. Ka ce kawunka ɗan Kwari ne. To ni in ina layi ɗaya da shi dole na yi tunani, yaron nan yana ganin nawa nake saro shadda, gurin wa nake saro ta, su waye manyan kwastomomina. Ba zargin ka nake ba, amma ka sani kowa a cikin 41 ɗin nan ya yi wannan tunanin ko bai furta ba. Ka fito fili ka yi musu bayani, ka rubuta ka sa hannu.

Na uku, mu masu gida ba mu ke danna wayar ba, yara ne. In yaro ya ga manhaja ta toshe mai wata ƙofa to kullum zai ce maka ta lalace, ko tana ɓata lokaci kwastoma na jira, wani lokacin kuma gaskiyarsa ne don in ana layi a jajibirin Sallah ba mai jiran ka danna abu shida kafin rasit ya fito. Ka zauna a shago yini guda ranar da ake cika ka ga da idonka.

Sannan dan Allah maganar ƙarin kuɗi kar ka turo ta a WhatsApp kamar sanarwar ɗaurin aure. Ka zo da ƙafarka. Kar ka zo da sassafe mutum bai yi cinikin fari ba, ka bari bayan azahar an ci abinci. Ka fara da babban da ake jin maganarsa a layin, in shi ya biya sauran ba za su ja ba. Kuma ka bar gurin ragi a farashin, mu ba ma jin daɗin abin da ba mu taya ba, ko dubu biyu ka sauke mutum zai ji ka girmama shi.

Abba_Kurna ya rubuta:

Ni dai gaskiya aboki ka karɓi aikin Abujan nan. Kana da iyali, kuma irin wannan damar ba kullum take zuwa ba. Ko duka 41 ɗin sun yarda da 30,000 a shekara miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da talatin ne, raba shi wata 12 ka cire saba da data da fetur da adaidaita ka ga abin da ya rage. Ka riƙe manhajar da daddare da ranar Lahadi, in ta girma sai ka dawo mata.

Maman_Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum. Sannu da jiki malam, Allah ya sa kaffara ne, a gaida maiɗakin naka ita ma ta yi ƙoƙari.

Lissafin Abba gaskiya ne kuma bai kamata a wuce shi ba, 41 ba za su riƙe gida ba sai sun ƙaru. Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa za a riƙe da daddare, domin shago da rana yake buɗe, matsalarsa ma da rana take zuwa. In za ka karɓi aikin to sai ka fara samun wanda zai ɗaga waya da rana, in ma ba za ka karɓa ba duk da haka kana buƙatarsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kenan ko ta ina ka bi aikin farko ɗaya ne.

Ni manhajar sakamakon jarrabawa da kuɗin makaranta nake yi wa Islamiyyu da ƙananan makarantun kuɗi a wajen Tarauni da Na'ibawa. Abin da taifot ya yi maka ni haihuwa ce ta yi min, bambancin kawai ni na san tana tafe, kuma lissafi ya nuna za ta faɗo daidai ƙarshen zango lokacin da kowace makaranta ke son katin sakamako. Wata huɗu kafin nan na sayi littafi mai bango mai kauri, duk kiran da ya shigo na rubuta wa ya kira, me ya ce, me na yi. Da na waiwaya sai na ga tambayoyi bakwai ne ke ta maimaita kansu, mantuwar lambar sirri ita ce kan gaba. Na ɗauki bidiyo bakwai da Hausa, kowanne bai kai minti biyu ba, hannuna kawai ake gani da sikirin. Na sayi layi daban na aiki na sa WhatsApp Business a kai da lokacin amsawa, 9 na safe zuwa la'asar. Sannan na ɗauki wata ɗaliba da ta zo neman gurin SIWES, wato koyon aiki na ɗalibai, ba kod na koya mata ba, littafin nan na ba ta da bidiyoyin. A sati shida na jego sau uku kacal ta kira ni. Maganar takardar firinta da aka saka baibai, bidiyon daƙiƙa talatin ne.

Sai takardu, don ban ga ka ambace su ba. In ba ka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ka yi. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya zai iya buɗe kamfani mai limited shi kaɗai, ba sai ka nemo sunan wani ɗan uwa ka cike gurbi ba kamar da. Amfaninsa ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin kuɗin cefane ya daina haɗuwa da kuɗin saba, ka yanka wa kanka albashi komai ƙanƙantarsa, a nan ne za ka san ko sana'ar na ci da kanta. Da rajistar kuma za ka iya amfani da kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack ko Monnify su ba kowane shago lambar asusunsa na kansa, in alhaji ya tura kuɗin shekara manhajar ta gane shi ne ta buɗe mai da kanta, ba sai an turo maka hoton alat kana bin sahu ba.

Maganar sirri da Alhaji mai shago ya kawo ba ta kunya ce kaɗai ba, akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a Yunin 2023, kai kuma kana riƙe da sunaye da lambobin waya da bashin mutanen da ba su ma san da kai ba. Yarjejeniyata shafi ɗaya ce da Hausa: bayanan naku ne, ba na nuna wa kowa, duk ranar da kuka so fita zan ba ku kwafi na goge nawa, ga abin da kuɗin shekara ya ƙunsa, ga abin da bai ƙunsa ba. Lauya ya duba min ita sau ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba ma son faɗa. Asusunka na Play Store da ka biya dala 25 ka buɗe, da makullin da kake sa wa manhajar hannu da shi, da lambobin sirrin saba da na sunan shafinka, in duk a kanka da laftof ɗinka kaɗai suke to amanar mutane na rataye da numfashinka. Kuma Google duk shekara, wajen ƙarshen Agusta, yana ɗaga matakin Android ɗin da dole manhaja ta kai kafin a karɓi sabuntawa, wato ko ba abin da ya lalace sai an samu mai taɓa ta. Ni na rubuta nawa duka na sa a ambulan na liƙe na ba maigidana, kuma mun yi yarjejeniya da wata abokiyar sana'a, in ɗayanmu ta kwanta ko ta rasu ɗayar za ta riƙe mutanenta har su samu mafita. Mun rubuta, mun sa shaidu biyu.

ɗan_Gwale ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana tara ne don ina so na dawo da abin da na aikata.

Yaya Baban Khalifa, daren da na karanta rubutunka na ɗauko kwafin ajiyar na gwada. Fayil ɗin na nan kullum yana fita da kwanan watansa daidai, amma da na buɗe babu komai a ciki, tun watan da na canja lambar sirrin rumbun bayanan ban canja ta a cikin umarnin da ke ɗaukar kwafin ba, wata biyar kenan yana ajiye min fanko. Jikina sai da ya yi sanyi, na daɗe zaune a gaban laftof ɗin ban iya taɓa komai ba. Na gyara a daren, yanzu kwafi na tafiya guri biyu daban, kuma na sa a ranar Juma'a ta farkon kowane wata zan dinga dawo da shi na gani da idona.

Alhaji mai shago na bi shawararka, na fara da kawuna na ce ya raka ni gurin babban layinsu bayan azahar. Na faɗi 30,000 ya taya 20,000 muka tsaya a 25,000, kuma tambayar farko da ya min ita ce taka sak, wa zai kira in ba na nan. Mutum biyar na gani zuwa yanzu, uku sun yarda, ɗaya ya ce sai bayan Sallah, ɗaya kuma ransa ya ɓaci sosai ya ce na yaudare shi, na ba shi haƙuri na ce manhajarsa ba za ta tsaya ba, amma maganar ta tsaya min a rai don mutum ne da ya kawo min kwastoma huɗu. Ina tunanin na bar masa shekarar farko kyauta, ban sani ba ko hakan zai ɓata min tsarin gurin sauran in suka ji.

Anti Maman Ilham na sayi littafin, kira 23 na rubuta a kwana tara, 9 a ciki na firinta ne. 'Yan Abuja na roƙe su wata ɗaya kafin na ba su amsa, sun yarda.

Wata 'yar tambaya tunda an zo kan firinta: alamar naira da ƙ da ɗ da ɓ ba sa fita a rasit, sai alamar tambaya ko wani ɗan akwati, akwai mai shagon da sunansa ke da ƙ kullum sai ya min ƙorafi. Akwai dabara?

Baban_Khalifa ya rubuta:

Alhamdu lillahi da ka gwada yanzu ba ranar da ake nema ba.

Firintocin nan masu faɗin milimita 58 tsofaffin jerin haruffa ne a cikinsu, babu ƙ babu ɗ, yawancinsu alamar naira ma babu, don haka duk yadda ka tura a matsayin rubutu ba za su gane ba. Ka zana layin a cikin manhajar ya zama hoto baƙi da fari mai faɗin ɗigo 384, ka tura shi a matsayin hoto. Amma kar ka mai da rasit ɗin gaba ɗaya hoto, ta bulutut zai yi nauyi yara su fara cewa tana ɓata lokaci. Kan rasit ɗin kawai, sunan shago da adireshi, shi za ka zana sau ɗaya ka ajiye, sauran layukan kaya su tafi a rubutu, kuɗi kuma ka sa N a gabansa kowa ya gane.

Mutumin da ya kawo maka huɗu kuwa kar ka kira shi kyauta, ka kira shi la'ada, kuma ka faɗa a gaban kowa: duk wanda ya kawo shago uku da suka biya an ɗauke mai kuɗin shekara guda. Ka koma gurinsa da kanka ka gaya mai shi ne na farko da ya ci. In ka shirya haɗe kod ɗin nan uku ka min magana, ina Zoo Road ranar Asabar da yamma, ka taho da laftof ɗin mu duba tare.